Tanon Jego a Tamanrasat

A tashar Agadas na fara gane mun yi nisa da gida. Ba tsawon hanya ya nuna mini ba, danga ce. Tun daga Koona har Tasawa, ko'ina mutum ya duba akwai dangar kara. A Agadas na duba gabas na duba yamma, ban ga karan gero ko ɗaya ba. Na ce a raina, mutanen da ba su da kara, da mi suke kewaye gida, da mi suke hura wuta? Lokacin ina da ciki ya fara nauyi, na lulluɓe shi da babban mayafi, don an gaya wa maigidana direbobi ba su son ɗaukar mai tsohon ciki.

Shekarar ce da ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Kafin sanyi ya wuce rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. Mun ci 'ya'yan anza na daji har bakinmu ya saba da ɗaci. Sojoji sun karɓi mulki a Yamai, rediyo kullum yana cewa taimako na tafe. Ya zo kam, ba zan yi musu ƙarya ba, amma abin da ya iso ƙauyenmu bai kai mu ko'ina ba. Maigidana ya ce sai Aljeriya. Na bar ɗan farina wurin innata, bai daɗe da yaye ba. Ranar da na bar shi, ba zan yi maganarta ba.

Kafin mu shiga Arlit aka tsai da mu. Soja ya ɗaga hannu, babbar motarmu ta sauka gefen hanya, muka zauna cikin rana. Can sai ga manyan motoci a jere, sun ɗauko tano-tano a rufe, irin gangar ƙarfen nan da ake zuba mai. Gaba sojoji, baya sojoji. Wata mata kusa da ni ta ce, "Wanga rakiya ko amarya sai haka." Wani dattijo da ya taɓa aiki a garin ya ce garin dutse ne a ciki, wanda ake haƙowa nan, ana ce masa uraniyom. Ana kai shi ƙasar Nasara su yi wutar lantarki da shi, in sun ga dama kuma su yi bam.

"Bam da gari?" in ji matar. "To mu da muka baro gida don gari, su ba mu tano guda mana, mu tuƙa."

Mota duka aka yi dariya. Ni ban yi ba. Fitsari ya matse ni, kuma babu dangar da zan ɓuya bayanta.

Bayan Asamaka muka shiga hannun wani direban ƙaramar mota, mai daɗin baki. Duk maganar da zai yi mini sai ya ce "ƙanwata". Ya kai mu inda babu komai sai rairayi da duwatsu, ya ce mu sauka zai je ya dubo ko akwai jandarma a gaba. Ya nuna wani tudu ya ce gari yana bayansa. Ya tafi da babban bidonmu na ruwa a mota. Har yau bai gama dubowa ba.

Mun hau tudun, babu gari bayansa sai wani tudun. Muka yi ta tafiya. Ƙafafuna suka kumbura har takalmina ya ƙi zama. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali, abin cikina ya daina motsi. Ina tafiya ina danna gefen cikina da yatsa, ina cewa, ka motsa, don Allah ka motsa. Ban gaya wa maigidana ba, shi ma leɓensa duk ya tsage.

Wata Buzuwa ce ta hango mu daga bukkarta ta fata. Ba ta jin Hausa, ba na jin Buzanci. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuna a kan ciki, ta ja ni ciki ta kwantar. Ta ba ni nonon akuya a akushi, kaɗan kaɗan, tana janye shi in na yi gaggawa. Sannan ta ɗora tafin hannunta bisa cibiyata ta yi shiru, kamar mai sauraren tafasar tukunya. Mun daɗe a haka. Sai na ji an harbe ni daga ciki, ita ma ta ji. Ta ɗaga hannu ta yi guɗa, ni kuwa na fashe da kuka. Mijinta ya raka mu har bakin hanyar mota. Ban san sunanta ba, amma ba na salla ban sa ta ba.

A Tamanrasat aka kwatanta mana wani gida can bakin gari inda mutanenmu suke. Gidan bulo ne da ba a gama ba, ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyali guda. A ƙofa muka tarar da wata tsohuwa tana suyar ƙosai, ta naɗe zane har ƙirji. Ita ce Inna Mantai, mutuniyar Mayahi, ta daɗe a garin. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke raba faɗa, ita kuma ke tada shi in ya yi wuya.

"Ke ɗiyar ina ce?"

"Koona, Inna. Sunana Sa'a."

"Koona! Ashe har ku kun gano hanyar mota?" Ta ɗaga mayafina da bakin matsami ta dubi cikin. "Wanga ba ya kai damina. Shiga ki zamna, kada ki haihu mini cikin mai."

Maigidana ya sami aiki wurin wani mai sayen tsohon ƙarfe. Mutumin yakan kwashe su, shi da sauran ma'aikata, a mota zuwa arewa, su yi kwanaki gindin wani babban dutse. Wurin yana da tsohuwar waya da ta faɗi, da alluna masu hoton ƙoƙon kan mutum. Ubangidansu ya ce don tsorata ɓarayi aka sa. Suna haƙo wayar tagulla daga ƙasa, suna kwaso ƙarafa, su loda. Maigidana ya ce akwai inda ƙasa ta narke ta daskare, baƙa ƙirin tana sheƙi kamar fasasshiyar kwalba. In ya dawo nakan kakkaɓe rigarsa a tsakar gida in wanke. Da wannan aikin muka ci, da shi muka fara aika wa innata ɗan abin da ya samu.

Ni kuwa kewa ta hana ni sakat. Burodinsu ba ya zama mini a ciki. Ina marmarin fura da nonon Fulanin bayan garinmu, ina marmarin ƙarar taɓarya da turmi da safe. In na ji yaron wata yana kuka sai nonona ya yi tsami, alhali na riga na yaye nawa.

Amma babbar fargabata jego ce. Kowa ya san mai jego ruwan zafi ne ranta, safe da marece har a yi arba'in. In ta yi sake sanyi ya shige ta. Yayata haka ta tafi. Ta haihu shekarar da mijinta ba ya gari, ba ta sami itace ba, wankan ya yi ta tsinkewa. Ƙafafunta suka kumbura, sannan ciki, sannan numfashi. Ina ƙarama amma na gani da idona. To ga ni a garin da itace ya fi nama tsada, tukwanen gidan kuma duk ƙanana ne, na miya da na shayi.

Tafiyarsa ta ƙarshe kafin in haihu, maigidana ya dawo da tano a kafaɗa, yana nishi. Rabi ne, an yanke shi, amma ƙarfensa ya yi kauri ninkin na tanon mai. Daga gindin dutsen ya haƙo shi, ya roƙi ubangidansa ya bar masa. Ya aje shi gabana yana murmushi. Inna Mantai ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"Kai, ɗan Koona, ashe kana da kai. Wanga ko a Mayahi sai gidan mai hali."

Ta sa aka goge shi da toka da rairayi. Da aka gwada, sai ga shi in ya tafasa da safe, har azahar ruwan bai huce ba. Itace kaɗan ya ishe shi. Inna ta kafa doka nan take: tanon jego ne, ba a dafa abinci a ciki, ba a ɗiba a sha, wadda ta tsoma ludayin miya za ta gamu da ita. Matan gidan suka fara lissafin wadda za ta gaje shi bayana, don akwai masu ciki biyu.

Na haihu da hantsi, mace, lafiya lau. An raɗa mata Fatsima, Inna ta ce ita Baƙuwa za ta kira ta. Aka fara wanka. Inna ta samo ganye ta ɗaure, ta tsoma a tano ta fyaɗa mini a baya, ina ihu tana zagina.

"Yi shiru, raguwa! Lokacin da kike neman abin ai ba ki yi ihu ba."

Ruwan jaririya kuwa daban take dafa shi a ƙaramar tukunya, ta ce na tano ya yi wa fatar jinjiri ƙarfi. Na sha kunun kanwa, jikina ya fara dawowa. A karo na farko tun da na baro gida na ji hankalina ya kwanta.

Mun wuce rabin arba'in sai labari ya canja. Wata safiya maigidana ya tafi aiki ya dawo da wuri, fuskarsa ba daɗi. Ya ce sojoji sun kewaye filin tsohon ƙarfe, ubangidansu ya gudu. Da rana ta ɗaga sai ga mota da lasifika tana zagaya unguwa, ana magana da Larabci, da Buzanci, sannan da Hausa. Aka ce dutsen nan na arewa, nan ne Nasara suka gwada bam tun zamanin kakanni. Duk ƙarfen da ya fito daga can yana da guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Gwamnati tana tattara shi wuri guda za ta binne. Wanda ke da shi ya fito da shi filin makaranta, ko ya zo ya faɗa a je a ɗauka. Ba a tambayar takarda, ba a kama kowa.

Gidanmu babu mai takardar zama. Kafin motar ta juya kwana an rufe ƙofa.

"Ba a tambayar takarda!" in ji Inna. "Haka suka ce wa kaza ranar suna. Ƙarfen suke so su saida, shi ke nan. Guba wadda ba a gani! Ni na tsoma hannu cikin tanon ga safe da marece, ku dubi hannuna, mi ya same shi?"

"To in sun shigo bincike fa, Inna?" wata ta tambaya.

"Ɗakin mai jego namiji ba ya shiga, ko soja ne."

Aka kwashe ruwan, aka mirgina tano cikin ɗakina, aka kifa shi a kusurwa, aka rufa masa tabarma da tsummoki. Nan kusa da shimfiɗarmu, ni da Baƙuwa. In lokacin wanka ya yi a fito da shi bayan gida, a gama a mayar.

Na kwana biyu a haka, ban san inda zan sa raina ba. In na dubi tano sai in ga yayata da ƙafafunta kamar turmi. In na dubi jaririya tana barci, kanta bai fi taku biyu da shi ba, sai in tuna abin da lasifika ta faɗa. Na matsar da ita jikin ƙofa, iska ta dame ta, na mayar. Na shinshina ƙarfen. Na lasa yatsa na taɓa shi na duba. Babu komai, ƙarfe ne kamar kowane.

Na ce wa maigidana, "Malam, in gaskiya suke faɗi fa?"

"In gaskiya ne, ni na haƙo shi, ni za su ɗaure. Ki zamna da wa a garin ga?"

"Sun ce ba su kamu."

"Direban Asamaka ma ya ce shina dawowa."

Ya sunkuyar da kai yana murza hannuwansa, sai na gane ba ɗauri kawai yake tsoro ba. Abin da ya kawo mini da alfahari ne, yana tsoron a ce shi ya kawo mana ciwo.

Rana ta uku da azahar, gidan ya yi shiru, Inna ta tafi sayen wake. Mai jego ba ta fita, na sani. Na goya Baƙuwa, na rufa mayafi, na bi bayan gidaje har filin makaranta. Ban je don in faɗa ba. Na je in gani.

Na raɓe jikin bango. An zagaye tsakiyar filin da igiya, an tara ƙarafa: ƙyauren ƙofa, bututu, kwanon rufi, har da wani abin da aka mayar kwamin shan ruwan awaki. Masu aikin sun sa fararen riguna har kai, da safar hannu, da abin rufe hanci. Wata Balarabiya tana riƙe da ɗan akwati, tana kai shi jikin kowane ƙarfe. Wani ƙarfen, akwatin ya yi shiru, a jefa shi gefe a ce mai shi ya ɗauki abinsa. Wani kuwa akwatin ya yi ta kuka kamar gyare, sai a shafa masa fenti, a ɗaga shi da dogon ƙarfe a sa cikin wata mota mai rufi.

Sojoji na fi kallo. Suna tsaye nesa da tarin. Da iska ta juyo daga wajen ƙarafan, sai na ga duk sun tashi sun koma ɗaya gefen, ba wanda ya ba su umarni. Wani ƙaramin soja ya zo zai jingina da motar, babbansu ya daka masa tsawa, ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. Ita kuma matar, da ta so shan ruwa, sai da ta fita bayan igiya, aka tuɓe mata safar hannu, aka zuba mata ruwa ta wanke har gwiwar hannu, sannan ta taɓa kwalbar.

Na taɓa ganin masu ƙwace a kasuwar Tasawa. Mai son kayanka rungumarsa yake yi. Waɗannan tsoronsa suke ji. Kuma ga su suna mayar wa mutane ƙarfe mai kyau wanda zai yi kuɗi. Abin da soja mai bindiga ba ya yarda iskarsa ta taɓa shi, shi na kwantar da ɗiyata kusa da shi.

Akwai wani dattijon Buzu mai rawani a bakin igiya, shi ke yi musu tafinta. Ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Mi ya fito da mai ɗanyen goyo cikin rana?"

Na ce, "In mutum ya faɗa, da gaske ba a kama mijinshi?"

Ya ce, "Tun da aka fara ina nan tsaye. Ban ga an kama kowa ba sai wani da ya zo satar abin da aka tara. Mi gare ki?"

Na gaya masa. Ya juya ya gaya wa matar. Da ya kai ga maganar cewa ana tafasa ruwa a ciki, na ga idonta ya buɗe bisa abin rufe hancin. Ba ta tsaya komai ba, ta kira mutum biyu, ta ce wa sojoji su tsaya nan. Da ƙafa muka tafi, ni a gaba.

Mun iso daidai Inna ta dawo da wakenta. Ta dube ni, ta dubi fararen riguna bayana, ƙwaryar ta kusa suɓuce mata.

"Sa'a! Ke? Ni na yanke wa ɗiyarki cibi, ni na gasa ki, ki jawo mana hukuma har cikin gida?"

"Inna, ki yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Da marecen ga da mi za ki wanka? In kin kumbura kada wanda ya kira ni. Na rantse ba ni ƙara taɓa ki."

Ta tsaya ƙofar ɗakina ta baza hannu, ta ce namiji ba ya shiga. Tafinta ya fassara. Matar ta gyaɗa kai, ta ce wa mazan su ja baya, ta tuɓe takalminta na waje ta sa wani, ta shiga ita kaɗai. Tun daga bakin ƙofa akwatin ya fara ƙyas, ƙyas. Da ta ɗaga tabarma ta kai akwatin jikin tano, sai ya ɓarke da kuka ba tsayawa. Inna ta sauke hannunta a hankali.

Matar ta fito tsakar gida ta yi mini alama in kwance goyo. Wannan lokacin shi ne mafi tsawo a rayuwata. Na riƙe Baƙuwa a tafin hannuna biyu, tana miƙa, tana hamma. Aka bi da akwatin kanta, da ƙirjinta, da ƙafafunta. Ƙyas guda, sai shiru, sai wani ƙyas can. Matar ta ɗaga akwatin sama cikin iska ta nuna mini haka yake yi ko'ina. Ta janye abin hancinta don in ga bakinta, ta yi murmushi, ta ce da Hausarta ta koyo, "Lafiya."

Na durƙushe nan ƙasa.

Ta gwada ni, ta gwada Inna da ta miƙa hannu tana kallon gefe. Sannan tambayoyi, tafinta yana juyawa. An dafa abinci a ciki? An sha ruwan? An wanke jaririya da shi? Duk na ce a'a. Ta tambaya dalili. Na nuna Inna na ce ita ta hana. Matar ta dafa ƙirjinta ta ɗan sunkuya wa Inna. Tafinta ya ce, "Ta ce dokarki ta tsare gidan ga." Inna ta ce, "Hm," ta gyara ɗaurin zane.

Ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Ta ce abin da ya shiga jiki ba duka akwati ke gani ba, ni da Inna mu je gidan likita a duba mu, a kuma sake dubawa bayan wani lokaci. Wanda ya fi damunta maigidana ne da abokan aikinsa, da suka shaƙi ƙurar wurin. Ya fito daga inda ya ɓuya da kansa, ya tsaya gabanta. Ba wanda ya tambaye shi takarda. Sunan dutsen kawai suka tambaya, da gefen da suka haƙa, don su san inda za a sake kewayewa. Suka karɓi rigunan aikinsa suka sa a leda. Suka kankare tokar murhun da ƙasar inda muke zubar da ruwan wanka, suka zuba a buhu. Tano kuwa aka shafa masa jan fenti, aka naɗe shi, mutum biyu suka fitar da shi da sanduna. Tafinta ya ce za a haɗa shi da sauran a rami mai siminti, gwamnati ta sa masu gadi, kada wani ya sake haƙo shi ya kai wa matarsa.

Mun je gidan likita daga baya, mun kuma koma. Maigidana har yanzu duk shekara yana zuwa a duba ƙirjinsa a Maraɗi, kuma zuwa yau Allah ya rufa asiri. Aikin ƙarfe ya mutu, ya koma ɗaukar bulo, da shi muka tara na mota muka dawo gida da damina. Amma ranar ban san duk wannan ba. Abin da na sani, la'asar ta yi, ba ni da tano, kuma wadda ke yi mini wanka ta rantse.

Na zauna ƙofar ɗaki ina shayar da Baƙuwa, ina danna ƙafata da yatsa in ga ko ta fara kumburi. Inna tana can bakin murhunta ta ba ni baya. Ba mai magana da ni. Rana tana ta sauka.

Sai ɗaya daga cikin masu cikin nan, wadda za ta gaji tanon, ta fito da tukunyar miyarta. Ta wanke ta tas, ta cika da ruwa, ta ɗora a wuta. Ba ta dube ni ba. Maƙwabciyarta ta fito da tata. Wata ta kawo butar shayin mijinta, yana biye da ita yana cewa a bar masa ko kofi guda. Kafin a jima duk murhun gidan yana ci, tukwane manya da ƙanana suna tafasa, ana juyewa a babban bahon wanki. Maigidana ya fasa akwatin katakon da muke zama a kai ya ƙara a wuta.

Ruwa ya cika, tururi yana tashi, amma ba wadda ta iya wankan sai mutum guda. Kowa yana kallon bayan Inna.

Inna ta kwashe ƙosanta na ƙarshe. Ta sauke kaskon, ta tsiyaye man, ta ɗora tukunyar wakenta cike da ruwa a wurin. Ta tashi tana dafa gwiwa, ta ciro damin ganye daga inda ta rataye shi.

"Inna, kin rantse," in ji wata tana danne dariya.

"Na ce ba ni taɓa ta. Ganye zai taɓa ta." Ta juyo gare ni. "Ke, mai kai ƙara, miƙa ɗiyar ki tashi. Ruwa na hucewa, wanga ba tano ba ne."

Ranar ta fyaɗe ni fiye da kullum. Ban yi ihu ba ko sau ɗaya.